Maganar da na ɓoye wa Baba a ɗakin likita

Yayana ya girme ni da shekara bakwai. Sau uku ya je Abijan ci-rani kamar sauran samarin Adar. A na ukun ya dawo da babur, ya ce shi da bakin teku sai dai labari, ya kama kabu-kabu a nan Tawa. Mutum ne mai surutu. In ya ɗauko tsohuwa daga kasuwa, kafin ya sauke ta ya san yawan jikokinta da abin da ya haɗa ta faɗa da maƙwabciyarta. Inna kan ce shi ne rediyon gidanmu, kuma ba ya cin batir.

A damanar bara abin ya soma, amma ba wanda zai iya cewa ga ranar. Da farko ya rage fita da yamma. Sannan ya riƙa dawowa tun kafin azahar, ya jingine babur a zaure ya shige ɗaki. Kafin gero ya fid da kai, babur ɗin ya yi sati uku ba a tada shi ba, har kaji sun mai da shi wurin kwana. In Inna ta kai masa fura, yadda ta ajiye ƙwaryar haka za ta ɗauke ta. Ba ya kuka, ba ya faɗa da kowa, ba ya sambatu. Zaune kawai yake a bakin katifa, hannuwa tsakanin gwiwoyi. In ka tambaye shi inda ke masa ciwo sai ya ce babu, jikinsa ne ya yi nauyi, kamar an ɗura masa jiƙaƙƙen yashi.

An yi abin da ake yi. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an auna jininsa sau biyu ba a ga zazzaɓin sauro ba. Baba, wanda dillali ne a kasuwar dabbobi, ya fara da cewa lalaci ne. Ranar da ya leƙa ɗakin ya ga yadda wuyan rigar Yaya ya yi masa yawa, bai ƙara faɗin haka ba. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin unguwarmu, shi ne ya rubuta mana takarda, ya ce mu kai shi babban asibiti wurin likitan da ke duba ciwon ƙwaƙwalwa. Baba ya yi kwana huɗu da takardar a aljihu. Ya ce ɗansa bai jefi kowa da dutse ba, bai tuɓe riga a titi ba, me zai kai shi can. A kwana na biyar ya ce mini in ɗauko mayafina.

Ni aka ɗauka don ni ce na yi lakwal, wato karatun boko, a gidan. Na kai ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare, na zauna jarrabawar bak sau ɗaya ban samu ba, tun daga nan ina gida ina taya Inna. Likitan kuwa baƙo ne, ba a daɗe da kawo shi daga Yamai ba, Hausarsa ta gaisuwa ce da ta sayen albasa. Da ya ji inda na tsaya a karatu sai ya saki jiki ya koma Faransanci, ya ce in riƙa mayar wa Baba.

Ya daɗe yana yi wa Yaya tambayoyi. Barci, abinci, tun yaushe, ko akwai wanda ya taɓa yin irin haka a dangi. Yaya na amsawa da kai, wani lokaci da kalma ɗaya. Ya tambaye shi ko yakan ji gara a ce ba ya duniya. Wannan ban mayar da ita Hausa ba, don Yaya ya girgiza kai tun kafin in buɗe baki, na ce a raina an wuce wurin.

Daga nan likitan ya juya bayan wata takarda ya zana abu biyu masu rassa kamar saiwar itace, bakinsu kusa da juna amma ba su taɓa ba. Na gane zanen tun bai gama ba. Mun yi shi a aji, na taɓa haddace shi saboda jarrabawa, da jan biro da shuɗi. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin nan yana cikin kan wani da na sani ba.

Ya ce ƙwaƙwalwa cike take da ƙananan ƙwayoyi irin waɗannan, kuma aikinsu aika wa juna saƙo. Ɗaya ta saki wani ɗan sinadari, ya tsallake ratar da ke tsakani, ɗayar ta karɓa. Kuma saƙon ba a bakin ƙofa yake tsayawa ba. A cikin ƙwayar da ta karɓa akwai masu miƙa shi hannu zuwa hannu har ya isa can ciki, inda ake yanke abin da ƙwayar za ta yi. Masu wannan aiki da yawansu ana ce musu anzim. Wasu su ƙarfafa saƙon, wasu su kashe shi in ya gama amfani. A irin ciwon Yaya, in ji shi, wannan aikin ne ya karkace a wuraren da ke riƙe da barci da cin abinci da jin daɗin rayuwa. Ya ce su kansu likitoci ba su gama sanin yadda abin yake ba, kada in ɗauka zanen nan shi ne duka labarin. Amma ciwo ne, yana da suna, yana da magani.

Na mayar wa Baba yadda na iya. Ya saurara yana kallon takardar a karkace, yadda yake kallon haƙoran rago.

Ya ce, "Wanga anzim da yake ta faɗi, mi ne ne shi?"

Na tambayi likitan yadda zan ce. Ya ce abu ne ɗan kaɗan da ke sa babban abu ya sauya, in ba shi aikin ba ya tafiya. Sai cuku ya faɗo mini. Na ce, "Baba, ka ga yadda Buzaye ke yin cuku? Ƙwarya cike da madara, a ɗiga ɗan ruwan nan na cikin tumbin ɗan akuya, sai ta kama. To irinsa ne, amma a cikin kai."

Baba ya gyaɗa kai. "To. Madarar ce ta ƙi kamawa."

Na faɗa wa likitan, ya yi dariya, ya ce ba daidai ba ne sosai amma zai ara ya riƙa faɗa wa wasu. Na ji daɗi. Ina rubuta wannan ne don a san halin da nake ciki a lokacin: ina jin kaina, ina ganin karatuna ya yi rana a gaban Baba.

Ya rubuta magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ya ce kada mu sa ran ganin sauyi a kwana biyu ko uku. Maganin na shiga jini a ranar, amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sai sun ɗauki makonni suna gyara aikinsu na ciki, sati huɗu, wani har shida. Na mayar. Sannan ya cire tabarau ya dube ni, ya rage murya.

Ya ce akwai lokacin da ya fi kowanne haɗari, kuma ba yanzu ba ne, sai an fara magani. Wani lokaci ƙarfin jiki yakan riga zuciya dawowa. Mutumin da ya gaji da rayuwa amma ba shi da ƙarfin tashi daga katifa, sai ya samu ƙarfin tashi alhali gajiyar tana nan. Ya ce in muka ga ya miƙe farat ɗaya, yana raba kayansa, yana sallama da mutane, kada mu bar shi shi kaɗai ko na awa ɗaya, mu kawo shi a ranar, don yana iya kashe kansa. Ya ce, "Faɗa wa mahaifinki."

Na juya wajen Baba. Yana zaune da hularsa a gwiwa, yana jira.

Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai ce mene ne a ciki. Yaya ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba, sai dai "wanga yaro" ko "mutumin naku". Ni kuma ban taɓa kallon tsakiyar idon Baba ba. Yanzu a ce ni, ƙaramar ɗiyarsa, in buɗe baki in gaya masa ɗansa na fari zai iya yin abin da ko sunansa ba a faɗi a gidanmu, abin da malamai ke cewa mai yin sa ya yi asarar duniya da lahira. Kuma ga Yaya da ake maganarsa zaune kusa da ni, gwiwarsa na taɓa kujerata. An kuma raine mu a kan cewa baki na yanka wuya, mugun abu in ka ambace shi ka kira shi. Duk wannan ya zo mini a lokaci guda.

Na ce, "Ya ce a riƙa kula da shi sosai. A dawo bayan sati huɗu."

Baba ya dubi likitan, ya dube ni. "Duk wagga doguwar magana, ita ke nan?"

"Faransanci ne, Baba. Tsawo gare shi."

Likitan ya ga Baba ya gyaɗa kai, shi ma ya gyaɗa, ya mayar da tabarau. Muka fito. A hanya na yi wa kaina alkawari ni zan sa ido, tunda ni na ji. Na ɗauka hakan ya isa.

Inna ce ke ba shi ƙwayar da hannunta kowace safiya, ta tsaya sai ya haɗiye. Kwana goma na farko ba abin da ya sauya sai tashin zuciya. Wata maƙwabciya ta ce maganin da bai sa ka zufa ba, bai sa ka gudawa ba, ta yaya za a san yana aiki. Baba da kansa ya ba ta amsa, ya ce cuku ma ba nan take yake kamawa ba.

A sati na uku, wata safiyar Talata, Yaya ya fito tsakar gida ya nemi ruwan wanka. Inna na tankaɗe, sai da rariyar ta kusa faɗuwa daga hannunta. Ya yi wanka, ya je wurin wanzami, ya dawo ya fitar da babur ya wanke shi tas har cikin ƙafafu. Ya ci tuwo, ba da yawa ba, amma ya ci. Washegari Inna ta soya waina ta raba wa yaran unguwa sadaka.

Lokacin kaka ne, an gama yankan gero an ɗaure damma. Duk wanda ya san Adar ya san abin da ke biyo baya. Samari su fara wanke jakunkuna, tasha ta cika, kowane gida akwai mai tafiya, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Nijeriya. Kuma ba a tafiya haka kawai. Mai tafiya sai ya bi dangi gida gida, ya durƙusa, ya ce a yafe masa abin da ya yi da sani da wanda bai sani ba, don hanya ba ta da tabbas. A sa masa albarka, a ba shi saƙo.

To sai Yaya ya fara bin gidaje. Ya je wurin Kawu, ya je wurin limamin unguwa, ya je wurin tsohon maigidansa da ya koya masa gyaran babur. Ko'ina maganar ɗaya ce, a yafe masa. Bai taɓa cewa zai yi tafiya ba. Mutane ne suka faɗa masa, shi kuma bai musa ba.

Na tuna ranar da ɗiyar Kawu, abokiyar wasansa, ta biyo shi har gida tana tsiya.

"Kai, raggon miji, ashe kana da sauran ƙafa? Wata uku kana kwance awa mai jego, yanzu ka ji ƙanshin teku ka miƙe."

Yaya ya yi ɗan murmushi. "Ki yahe mani dai."

"Ban yahewa sai na ga atamfa. Mai tsada, ba irin ta bara ba da ta zuba a wankin fari."

"Ki yahe ko babu atamfa."

"Ji shi, tun bai tahi ba ya fara kukan talauci. Na yahe, bawana, je ka."

Duk muka yi dariya, har da ni. Maganar likita tana kaina, ban manta ko kalma ɗaya ba. Amma abin da nake gani da idona ya yi kama da abin da nake gani kowace kaka tun ina ƙarama. Na ce a raina likitan baƙo ne, bai san al'adarmu ba, sallamar da yake nufi daban, wannan tamu ce ta masu ci-rani. Kuma in na yi magana yanzu, sai an tambaye ni me ya sa ban yi ba tun a asibiti. Inna ta fara haɗa guzuri, ƙuli-ƙuli da garin rogo da cuku. Baba ya ce ba zai hana shi ba, namiji in ya tashi ba a danne shi, amma ya bari a koma wurin likita tukuna. Yaya ya ce to.

Ranar Lahadi da safe, bayan ya sha ƙwayarsa, ya ce zai je ƙauyenmu da ke gaba da Affala ya gai da Gwaggo, ƙanwar Baba. Ya ce a motar kasuwa zai je. Ina wanke-wanke ya tsaya a kaina, ya miƙo mini wayarsa.

"Riƙe wagga. Taki ta tsufa."

"Kai fa?"

"Can babu rezo, waya ba ta kamawa." Ya ɗan tsaya. "Auta, ki yahe mani."

Na ce, "Allah shi yahe muna baki ɗaya," yadda ake cewa, hannuna cikin kumfa, ko ɗaga kai ban yi sosai ba. Ya fita.

Da hantsi na shiga share ɗakinsa. Ya naɗe katifa, ya jera takalmansa. Jakar da yake tafiya da ita tana rataye, ba komai a ciki, ƙura a kanta. A kan taga na ga ledar da yake ajiye takardunsa, katin ɗan ƙasa da katin allurar da ake nema a kan iyaka, da takardun babur. A jikin takardun babur ya rubuta sunan wani abokinsa da biro. Mai shirin Abijan katinsa yake fara dubawa ko ya ƙare, jakarsa yake fara wankewa. Ba ya kyautar da waya ana saura kwanaki ya kama hanya. Ba ya ba da babur ɗin da zai bar wa gida.

Na zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu. Ban san minti nawa na yi a haka ba. Abin da na sani, na fito ban gaya wa Inna komai ba, na tare kabu-kabu na ce kasuwar dabbobi.

Ban taɓa shiga wurin ba. Maza ne ko'ina, da raƙuma da shanu da ƙura da ihu, kowa na kallona. Na hango Baba tsakanin wani Buzu da wani mahauci, ya riƙe hannun kowannensu yana ƙoƙarin haɗa su a kan wani bijimi. Da ya gan ni ya saki hannuwan.

"Ke, lahiya? Wa ya rasu?"

Na durƙusa a cikin kashin shanu. Na faɗa masa duka, da Hausa, a gaban mutanen nan biyu, da kalmar da na kasa faɗi a asibiti. Na ce likita ya ce in ya miƙe yana sallama yana raba kaya, yana iya kashe kansa. Na ce tun ranar aka gaya mini, ni na ɓoye.

Na jira mari. Baba bai taɓa dukana ba, amma na jira. Fuskarsa ta yi wani irin fari-fari, leɓensa na motsi ba sauti. Mahaucin ne ya fara magana, ya ce ƙanensa na da mota a bakin kasuwa, a tashi yanzu.

Tafiyar ba ta da nisa sosai amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Baba na gaba, ni ina baya. Gonaki duk an girbe, sai karan gero a tsaye da jajayen duwatsu. Sau ɗaya ya yi magana, bai juyo ba.

"Da bakinshi ya ce maki haka, likitan?"

"I, Baba."

"Kuma ya ce ki gaya mani."

"I."



Gwaggo na bakin rumbu muka iso. Ta ce ai ya zo, ya sha ruwa, ya nemi gafara, har ta yi masa faɗan ya rame. Ta ba shi fura ya ce sai ya dawo, zai je ya dubo tsohuwar gonar kakanmu. Gonar tana can bayan tudu, an daina nomanta tun ina firamare, ba abin da ke cikinta da za a duba. Baba ya juya ya kama hanya da ƙafa, yana tafiya kamar zai kifa, babbar rigarsa na kama ƙaya yana fizgewa. Ni da direban muna binsa.

Daga kan tudun muka hango su. Mutum biyu a ƙarƙashin aduwa, awaki na kiwo kewaye da su. Ɗaya Yaya ne. Ɗayan wani tsohon makiyayi ne mai rawani, ya hura ɗan gawayi ya ɗora butar shayi.

Ba zan rubuta abin da Yaya ya je yi ba, ko abin da aka samu a wurin. Yana da rai, shi ke nan abin da zan ce. Yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Baba ya isa gabansa ya tsaya yana haki, sai na ji ya kira sunansa, sunan yanka, sau biyu. Yaya ya ɗaga kai. Ina jin shi ma bai taɓa jin sunan a bakin Baba ba.

Tsohon ya yi mana bayani da Hausarsa ta Buzaye, yana zuba shayi daga sama kamar ba abin da ya faru. Ya ce tun da hantsi ya ga mutum ya shigo daji da kayan birni, ba gora, ba sanda, ba dabba. Ya yi masa sallama, amsar ba ta yi masa daɗi ba. Yaya ya ce masa ya wuce abinsa. Shi kuma ya ce a wurinsu ba a barin mutum a daji ba ruwa, sai ya sha shayi tukuna. Ya yi na fari, ya yi na biyu, ya yi na uku. Da ya ga mutumin bai da niyyar tashi, sai ya zubar da ganyen ya sake sabo.

Ya ce, "Sukarina ya kusa ƙarewa. Ina ta tunanin in ya ƙare mi zan ce mashi."

A ranar muka kai shi asibiti, aka kwantar da shi. Kwana tara ya yi, Baba na kwana a tabarma a bakin gadonsa, ya bar kasuwa ya bar komai. Da likitan ya zo, Baba ya sa aka kira wata ma'aikaciyar jinya Bahausa ta tsaya tare da mu. Ya ce ni zan mayar da magana kamar da, amma ita ta saurara, in na tsallake ko kalma ɗaya ta faɗa. Bai faɗi haka da fushi ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Likitan da ya ji abin da ya faru ya ce shi ma da laifinsa, bai kamata ya ɗora wa ɗiya irin wannan magana ta kai wa uba ba. Na mayar da wannan ma, kalma da kalma.

Ya ce ba maganin ne ya gaza ba, kuma ba a daina shi. Lokacinsa ne bai cika ba. Ya ƙara yawansa kaɗan, ya ce za a yi watanni ana sha ko bayan an ga sauƙi, kuma Yaya zai riƙa zuwa suna magana su biyu.

Bayan an sallamo shi, wata rana da la'asar ina tsince shinkafa a ƙofar ɗakinsa, ya yi magana daga ciki.

"Na ji abin da likita ya ce maki ran nan."

Na tsaya.

"Shekara nawa na yi Abijan? Kin ɗauka ban jin Faransanci? Na ji shi sarai. Na kuma ji abin da kika ce ma Baba."

Na ce, "Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Daɗi na ji. Na ce to, ba mai tare ni."

Tiren ya zame daga cinyata, shinkafar ta watse a ƙasa, kaji suka taso. Ban kore su ba. Na yi ta kuka, shi kuma bai ce in daina ba. Da na lafa ya ce ba don in ji ciwo ya faɗa ba. Likita ne ya ce masa ya riƙa faɗin abin da ke ransa ko ba daɗi, kuma ya ga da ni ya kamata ya fara.

Yanzu wata na biyar ke nan yana shan magani. Yana cin abinci, yana barci, ya fara fita da babur da safe, abokinsa na binsa a baya da nasa kamar hanya ce ta haɗa su. Surutun bai dawo duka ba. Wata rana sai ya yi kamar da, har ya tsokani Inna, wata rana kuma ya wuni bai ce uffan ba. Mun raba yini tsakaninmu ba tare da mun zauna mun tsara ba: Inna da safe, ni da rana, Baba daga la'asar. Guzurin da aka haɗa masa mu muka cinye shi a gida.

Ni ce dai ban warke ba. In ya yi shiru ina tsoro, in ya yi fara'a na fi tsoro. Ranar da ya wanke babur sai da na bar girki na je na tsaya a zaure. Na tambayi likitan yaushe zan daina, ya ce bai sani ba, amma in na ga abin ya hana ni barci in zo a duba ni ni ma.

Shekaranjiya da rana Yaya na kwance a inuwa, ni kuma ina ta kai da kawowa a tsakar gida, in ɗauki wannan in ajiye wancan, ina satar kallonsa. Ya buɗe ido ɗaya.

"Auta, kina sa ni jiri. In gadina za ki yi, ɗauko kujera ki zamna."

Na ɗauko na zauna. Na tambaye shi kai tsaye, yadda likita ya koya mana, ko tunanin nan ya zo masa yau.

Ya ce, "Da safe, kaɗan. Ya wuce."

Na ce zan gaya wa Baba in ya dawo.

Ya ce, "Gaya mashi."